Kayan Aro a Cikin Manhaja da Ranar Rabon Taki

Ranar da za a fara rabon takin noman rani a ƙauyenmu, a nan ƙasar Auyo, tun kafin hantsi sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ya yi sallama a ƙofar gidanmu, riƙe da rasit guda biyar da ya buga a ƙaramar firintar ofis. Bayan mun gaisa ya miƙo mini su ya ce, "Malam, duba mini nan, ko kuwa idona ne?" Da na duba na ga ba idonsa ba ne. Duk inda harafi mai ƙugiya ya kamata ya fito, wato ɗ da ƙ da ɓ, babu komai sai wani ɗan baƙin akwati. Lissafin buhuna daidai yake, kuɗi ma daidai, amma sunayen mutane sun zama gurgu. Ya ce akwai wani dattijo wanda sunansa ya fara da Ɗan, ɗansa ya karanta masa takardar, shi kuwa ya ƙi dangwala yatsa, ya ce ba zai ɗauki bashin buhu biyu a kan sunan da ba nasa ba. Dattijon yana da gaskiya, domin da kaka wannan takarda ce za ta yi shaida tsakaninsa da ƙungiya. Mutane suna zaune a gindin maina, amalanke a jere, sai da sakatare ya koma ga tsohon littafi da biro har la'asar.

Laifin nawa ne. Manhajar da ƙungiyar ke amfani da ita mu uku muke kula da ita: ni, da wani abokina da ke aiki a birnin Kano, da wata malamar makaranta a Dutse wadda ke duba fassara da gwaji. Mun gina ta a kan Django, wani ginshiƙi na gina manhajar intanet, da harshen kwamfuta na Python, muka bar rubutunta a buɗe a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, domin duk ƙungiyar da ke so ta kwafa, ta gyara, ta yi aiki da ita ba tare da ta biya kowa ba. Babu mai karɓar albashi a cikinmu. Daren da abin zai faru, ɗan aiken nan na kwamfuta da ke sa ido a kan sababbin bugu ya turo takardar neman a sabunta laburaren da ke haɗa mana rasit, wato rubutun manhaja na wani da muka ɗauko muka sa a cikin tamu. Gwaje-gwajenmu duka suka nuna kore, lambar tsakiya kawai ta motsa, ni kuma barci yana idona, sai na amince na tura. Sabon bugun ya canza yadda yake zaɓar salon haruffa, ya koma ga wanda ba shi da haruffan Hausa. Gwaje-gwajen namu kuwa ƙidaya kawai suke dubawa, babu ko ɗaya da ke duba yadda suna ke fita a takarda.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai iya tambaya, me ya kai mu ga dogara da rubutun wani? Amsa ita ce babu mai gina manhaja daga tushe a yau. Mai son buga takarda yakan aro laburaren buga takarda, mai son lissafin kwanan wata ya aro na kwanan wata, mai son ɓoye kalmar sirri ya aro na wannan aikin, kuma hakan shi ne daidai, domin waɗanda suka rubuta su sun fi mu ƙwarewa a fanninsu. Ni kayan aro nake kiransu. Matsalar ita ce wanda ka ara a wurinsa shi ma ya aro a wurin wani, wanin ma haka. Sunaye goma sha biyu muka rubuta da hannunmu a fayil ɗin buƙatu, amma ranar da na ƙirga abin da ya sauka a kwamfuta sai na tarar sun ninka haka sau da yawa, kuma mafi yawansu ban taɓa jin sunansu ba. A watan Maris na 2016 duniya ta ga iyakar wannan hali, lokacin da Azer Koçulu ya janye kayansa daga rumbun npm, inda masu rubuta manhaja da harshen JavaScript ke ajiye laburarensu, bayan saɓani a kan sunan wani laburare nasa. Cikin abin da ya janye har da left-pad, rubutu mai layi 11 kacal, wanda aikinsa bai wuce cike gurbi a hagun kalma ba. Manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa, dubban mutanen da ba su san suna jingine da shi ba suka tsaya cak, har sai da masu rumbun suka maido da shi da kansu, daga baya kuma suka tsaurara dokar janye kaya. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Abin da ya yaudare ni a daren nan lambobi ne. Akwai wata al'ada da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta ƙa'idarta, inda ake ba kowane bugu lamba mai gida uku, kamar 2.4.1. Idan gidan ƙarshe ya motsa, an ɗinke ɓaraka ne kawai. Idan na tsakiya ne, an ƙara sabon abu amma tsohon yana nan yadda yake. Idan na farko ne, to a yi hattara, an rushe wani abu da aka saba da shi. Tsari ne mai kyau, sai dai alkawari ne na ɗan Adam, ba hukuncin alƙali ba. Mai laburare shi ke yanke abin da yake ganin canji ne mai rushewa, kuma mutumin da ke zaune a Turai, wanda bai taɓa ganin ƙ ba, ba zai ɗauki sauya salon haruffa a matsayin rushe komai ba. A wurinsa gyara ya yi. Haka kuma ƙa'idar da kanta ta ce muddin lambar farko sifili ce, komai na iya canzawa a kowane lokaci, kuma laburare da yawa suna shekaru a sifilin nan. Wasu ma, ciki har da Django, ba wannan tsari suke bi kai tsaye ba, suna da nasu.

Bayan kunyar ranar rabon taki, sai muka yi abin da mai jin kunya yakan yi, muka wuce gona da iri. Abokina na Kano ya leƙa manyan ayyuka ya kwaso mana dokokinsu. Aka ce duk gyara sai mutum biyu sun duba sun sa hannu. Aka ce duk mai kawo gyara sai ya cike fom mai tambayoyi goma sha, ya rubuta bayanin canji a fayil na musamman, ya tsara saƙon ajiyarsa, wato ɗan bayanin da ke raka kowane gyara, bisa wani ƙayyadadden salo, in ba haka ba na'ura ta mayar masa da kayansa. Aka ce kowane laburare ɗaya da za a sabunta sai an buɗe masa takardarsa ta daban, an gwada shi a wayoyi biyu. Aka sa taro ta waya kowace Asabar. A lokacin na ji daɗi ƙwarai, domin aikin namu ya yi kama da na manya, kuma idan mutum ya shiga shafinmu zai zaci mu hamsin ne.

Mu uku ne. Dokar mutum biyu tana nufin duk abin da na rubuta sai sauran biyun duka sun samu sarari, alhali malama tana da aji da gida, abokina kuma maigidansa ba ya biyansa don ya duba rasit ɗin manoman Auyo. Taron Asabar yakan ƙare ne a "kina ji na?" da "ya ɗauke", saboda a wurinmu sai na hau tudun bayan makaranta sabis ke tsayawa. Ɗan aiken kwamfuta kuwa ba ya gajiya, kullum sai ya kawo sababbin takardu, kuma da yake kowace tana bukatar sa hannu biyu da gwajin waya, sai suka fara taruwa. Da farko muna jin nauyinsu, daga baya muka daina buɗe su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani ɗalibi, wanda ban san shi ba, da ya ga mun rubuta wata kalma ba daidai ba a shafin shiga, ya gyara harafi ɗaya ya turo. Na'ura ta ƙi karɓa saboda salon saƙonsa. Ya sake, ta ce bai rubuta bayanin canji ba. Ya sake, sai aka shiga jiran sa hannu na biyu har mako uku. Ranar da muka karɓa na yi masa godiya, bai amsa ba, kuma bai ƙara dawowa ba. Mun kafa shinge domin awaki, ya zamana baƙon da ya kawo mana gudummawa ne ya hana shiga.

Mun yi fiye da shekara a haka, muna ganin muna da tsari, alhali manhajar tana tsufa a tsaye. Django yakan fitar da sabon bugu kusan kowane wata takwas, sannan duk shekara biyu a watan Afrilu ya fitar da mai dogon zango, wanda ake ci gaba da toshe masa ɓarakar tsaro har shekara uku. Namu shi ne 3.2, wanda ya fito a 2021, wa'adinsa kuma ya cika a Afrilun 2024. Mun san ranar tun da daɗewa, a rubuce take, amma ta zo ta same mu ba mu ɗaga ko tsinke ba. Da muka tashi komawa 4.2 sai muka ga ba tsani ɗaya za mu taka ba. Umarnin ugettext, wanda muka yi amfani da shi a kusan kowane fayil domin fassarar Hausa, an cire shi tun a 4.0, bayan an daɗe ana gargaɗi a kansa, gargaɗin da ba mu taɓa kunna shi mun karanta ba. An sauya hanyar lissafin lokutan ƙasashe daga pytz zuwa zoneinfo. Sabon bugun ba ya aiki da PostgreSQL, manhajar rumbun bayananmu, idan bugunta na ƙasa da 12 ne, don haka sai an taɓa rumbun bayanan ma. Wasu daga cikin ƙananan kayan aronmu ba su yarda da sabon Django ba sai an sabunta su, ɗaya kuwa mai shi ya daina kula da shi gaba ɗaya, sai da muka nemi madadinsa. Ka ja wannan, wancan ya biyo.

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗeja ya san kachala. Ciyawa ce da idan aka yi gayya aka sare ta tana ƙarama, aikin yini ne da lauje. Idan aka ƙyale ta shekara biyu ko uku, sai ta yi saiwa ta kama laka, ta toshe hanyar ruwa, gonar gaba ta bushe, ta baya ta nutse, tsuntsayen jan-baki kuma su samu masauki su dinga sauka a kan shinkafa. A lokacin lauje ba ya yi, sai an nemo injin gwamnati. Ƙaurar nan zuwa 4.2 ta cinye mini kusan makonni shida na dare, alhali da mun bi ta sannu a hankali, kowane mataki bai fi aikin yamma ɗaya ko biyu ba.

Kuma mu asarar lokaci kawai muka yi, wasu sun yi wadda ta fi haka. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka a Apache Struts, wani ginshiƙi na gina manhajar intanet irin Django. Kamfanin Equifax na Amurka, mai ajiye bayanan bashin jama'a, bai sa gyaran a wata na'urarsa ba, ɓarayin intanet suka shiga ta nan daga watan Mayu, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Maganin yana nan a ajiye kyauta, ba a sha ba ne. A Disambar 2021 kuma aka bayyana ɓarakar Log4j, laburaren Java mai rubuta rahoton abin da manhaja ke yi, wadda aka ba maki 10 cikin 10 wajen haɗari. Abin da ya wahalar da mutane a wannan karon shi ne da yawa ba su san suna da shi ba, domin yana can ƙasa, aron aron aro. Waɗanda ke da jerin kayansu a rubuce, kuma hannunsu ya saba da sabuntawa, sun gyara cikin sa'o'i, har suka iya bin bugu huɗu da aka fitar a jere kafin watan ya ƙare, daga 2.15.0 zuwa 2.17.1. Waɗanda suka bar kachala ta toshe musu hanya kuwa, sai da suka fara da neman inda ruwan yake bi.

To, da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa ya riƙa karɓar sabon bugu da zarar ya fito. Amma akwai ɗaya gefen. Ranar 29 ga Maris, 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda ke aiki a kan PostgreSQL, ya sanar cewa ya gano ƙofar baya da aka dasa a cikin xz, wani ƙaramin laburaren matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga na'ura daga nesa ta hanyar da ake kira SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da aka bi sawu sai aka ga wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakon mai laburaren, Lasse Collin, wanda ya daɗe yana ɗauke da aikin kusan shi kaɗai ba tare da biya ba, yayin da wasu sunaye ke ta matsa masa da ƙorafin cewa aiki ba ya sauri, ya kamata ya ƙara mai taimako. Da Jia Tan ya samu amana sai ya cusa gubar a bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Waɗanda abin ya kai gare su su ne masu bin sabon bugu da zafinsa, irin rassan gwaji na Debian da Fedora, waɗanda nau'o'in Linux ne. Masu zama a kan tabbataccen bugu na Debian kuwa bai iso gare su ba, jinkirinsu ne ya tsare su. A Satumbar 2025 ma an yaudari wani mai kula da laburare a npm da saƙon bogi, aka saci mabuɗinsa, aka fitar da gurɓatattun bugu na chalk da debug da wasu, waɗanda aka cire cikin 'yan sa'o'i. Wanda na'urarsa ke haɗiye sabon abu nan take shi ne ke cikin haɗari, wanda ya saba jira kwana biyu ko uku kuwa bai ma san an yi ba. Gaba kura, baya sayaki.

A wurin bakaniken da ke gyara mana injin ban-ruwa na samu bakin zaren, ba don ya san kwamfuta ba. Na kai masa injin ƙanena, ina zaune a kan benci ina ba shi labarin halin da nake ciki, sai ya ce, "Malam, ai ku ne kuka haɗa aiki uku kuka mai da shi ɗaya. Juyen mai daban, tiyo ya fashe daban, sauke inji daban. Juye yana da lokacinsa, ba sai inji ya yi ƙara ba. Tiyo idan ya fashe ko tsakar dare ne ɗaure shi za ka yi. Amma wa ya taɓa sauke inji a canza ringi ana tsakiyar ba shinkafa ruwa?" Na ce, "Maigida, ni na yi." Ya yi dariya har ya ajiye sifana.

A kan wannan rabon muka sake tsara aikin. Gyaran tsaro, idan ɓarakar ta shafi abin da muke amfani da shi da gaske, ba ya jiran kowa: duk wanda ya fara gani a cikinmu ya karanta bayanin, ya gwada, ya tura, ya sanar da sauran daga baya. Na ce idan ta shafe mu, domin ba kowace jar alama ce gobara ba, sau da yawa ɓarakar tana wani sashe ne na laburaren da manhajarmu ba ta taɓa kira. Ƙananan sabuntawa kuwa mun daina karɓarsu ɗaya-ɗaya. Dependabot da Renovate, irin 'yan aiken kwamfutar nan da ke kawo takardun sabuntawa, duka suna da saitin da ke tattara su a takarda guda, da wanda ke hana kawo bugun da bai yi wasu kwanaki a duniya ba, don haka muka sa a kawo mana su sau ɗaya a wata, a dunƙule, kuma kada a kawo wanda bai cika mako ba. Muka kuma kafa fayil ɗin kulle, wanda ke rubuta ainihin lambar kowane laburare har da aron aro, ta yadda abin da ke kwamfutata shi ne ke Kano, shi ne ke kan saba, wato na'urar da manhajar ke aiki a kanta, kuma idan abu ya lalace za a iya komawa jiya da umarni ɗaya. Babbar ƙaura, irin ta Django ko Python, ita ce sauke inji, kuma ba kalandar Turawa ke sa mata rana ba, kalandar gona ce. Daga mako biyu kafin rabon taki har a gama, da kuma lokacin karɓar bashi da kaka, ba a taɓa komai sai tsaro. Lokacin da ofishin ƙungiya ya fi zama shiru shi ne marka, an gama rabo, ba a fara girbi ba. Tana da nata aibin, domin hadari yana rage wa sola ƙarfi, batir ba ya kai ni sha ɗayan dare, amma gara in yi aiki da rana a cikin Agusta da in sake tsayar da mutane a gindin maina.

Dokokin kuwa sai muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar kowace: wace ɓarna kika taɓa hanawa, kuma wa ke biyan kuɗinki? Fom mai tambaya goma sha ya koma tambaya biyu, me ka canza, yaya ka gwada. Salon saƙon ajiya muka sake shi, wanda zai haɗe gyaran shi zai daidaita shi da kansa, aikin minti ɗaya ne. Taron Asabar ya mutu, babu wanda ya yi ta'aziyya. A kan sa hannun mutum biyu ne muka yi doguwar muhawara da abokina, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Ya ce labarin xz kansa yana nuna haɗarin barin mutum ɗaya da mabuɗi, kuma ido biyu sun fi ɗaya. Na ce haka ne, amma ido biyun da ba su da lokacin dubawa sa hannu kawai suke yi, kuma na tuna masa sau nawa ya amince da gyarana daga cikin Keke Napep ba tare da ya buɗe fayil ɗin ba. Muka tsaya a kan cewa duk abin da ya taɓa lissafin kuɗi, ko shiga da kalmar sirri, ko tsarin rumbun bayanai, ko ƙara sabon laburare, dole wani ya duba da gaske, ko da zai ɗauki mako. Gyaran fassara da rubutu da ƙananan sabuntawa na wata-wata kuwa mutum ɗaya ya isa idan gwaji ya wuce. Ban ga laifin manyan ayyuka da dokokinsu ba. Aikin da ke da ɗaruruwan masu hannu, waɗanda ba su san juna ba, yana bukatar fom da matakai domin su ne ke maye gurbin sanayya. Mu kuwa mun san juna har gida, rigar da muka aro ce ta fi ƙarfin kafaɗarmu.

Akwai kuma maganin da ba a cika faɗa ba, wato rage aron kansa. Da muka bi jerin, mun samu laburaren da muka ɗauko don kawai ya sa waƙafi a tsakanin lambobin kuɗi, abin da Python ke yi da kansa, da wani da muka gwada sau ɗaya muka manta da shi a ciki yana ta jawo 'yan'uwansa. Mun cire huɗu. Ga wanda ke birni da intanet mara yankewa wannan tsafta ce kawai, amma a nan kowane laburare data ne da nake saya da kuɗina, kuma lokaci ne a kan tudun bayan makaranta ina kallon layin saukewa yana rarrafe. Yanzu kafin mu ƙara sabo sai mun duba yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, mutum nawa ke kula da shi, su wa zai jawo mana, kuma idan gobe mai shi ya gaji, za mu iya ɗaukar nauyinsa ko mu rubuta namu? Ban da harkar tsaro da ɓoye sirri, wannan ko kusa ba ma rubuta namu.

Da zafin ranar nan na so in rubuta wa mai laburaren rasit magana mai ɗaci. Allah ya sa na fara karanta lasisinsa, inda aka rubuta ƙarara, kamar yadda yake a lasisin MIT da ire-irensa, cewa an ba ka kayan yadda suke, babu lamuni. Mutumin bai sayar mini da komai ba. Lokacin da ɓarakar Heartbleed ta bayyana a OpenSSL a Afrilun 2014, duniya ta yi mamakin jin cewa laburaren da ke tsare sirrin kaso mai yawa na shafukan intanet mutane ƙalilan ne ke riƙe da shi, gudummawar da ke shigo musu kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Mai aron jaki ba ya zagin mai jaki don ya yi tuntuɓe. Sai na rubuta masa rahoto cikin ladabi, na haɗa da ɗan misali mai kalma uku da hoton akwatunan, na bayyana masa cewa haruffan nan na harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi ne. Bayan kwanaki ya amsa, ya nuna mini saitin da zan sa in zaɓi salon haruffa da kaina, ya kuma ƙara gargaɗi a bayanin bugun domin na baya.

A markar 2025 muka koma Django 5.2, tun wa'adin 4.2 na Afrilun 2026 yana da sauran watanni. Ya bukaci Python 3.10 ko sama da haka da PostgreSQL 14, amma da yake mun riga mun taka waɗannan a watannin baya, kuma gargaɗin cire tsofaffin umarni yanzu a kunne yake a cikin gwajinmu, yini biyu aikin ya ci. Cikin gwaje-gwajen akwai wani sabo da malama ta rubuta, wanda ke buga rasit da sunan wani manomi na ƙage mai ɗauke da ɗ da ƙ da ɓ da 'y duka, sannan ya duba ko salon haruffan da ke cikin takardar yana da kowannensu. Makon jiya muka shiga kulle saboda rabon takin bana. Sakatare ya zo da kansa, ya ce ba ya son labarin kore ko ja, a buga masa a takarda. Na buga masa, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya bi sunan da yatsa harafi bayan harafi, sannan ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce zai biya ta gidan dattijon nan ya nuna masa kafin ranar Litinin.